ƘARFE DA BARCI: NASIHA GA MASU AIKIN DARE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Ɗaga ƙarfe ya shigo garuruwanmu. Abin da a da sai ka shiga Zariya ko Kaduna kake gani, yau a Ikara da Makarfi da Hunkuyi za ka tarar da samari sun samu wani kango ko bayan shago, sun cika gwangwanayen fenti da siminti, sun zura bututun ƙarfe a tsakiya, ana ta nishi ana ƙirga. Ni dai ban ga laifin wannan ba, ya ma fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni, tare da cewa kowannensu akwai alheri a tare da shi. Malamai sun ce asalin ƙarfin da ake nufi shi ne na imani da himma, amma ƙarfin jiki yana shiga ciki idan ya zama mai yi wa imanin hidima. Da Allah Ya zaɓi Ɗaluta ya mulki Banu Isra'ila, abu biyu aka ambata cewa an ƙara masa, ilimi da jiki. A rufe cibiya zuwa gwiwa dai, kuma a rage ɗaukar hoton ƙirji ana watsawa duniya, shi ke nan.

Maganata ta yau da wani rukuni ne daga cikin waɗannan samari, wato waɗanda darensu ba nasu ba ne. Ma'aikacin jinya a asibitin Ikara ko na Hunkuyi, wanda wannan makon yana aikin safe, mako mai zuwa yana na dare. Ɗalibin makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi da aka tura asibiti koyon aiki. Ɗan sanda da ɗan sintiri. Mai gadi. Mai gidan burodi da ke kwana gaban tanda. Direba da yaron mota da ke yada zango a Tashar Yari. Manomin rani da ke kwana yana ban ruwa. Har da mai injin niƙa da mai walda, waɗanda jadawalin aikinsu yana hannun masu kawo wuta: in an kawo ƙarfe biyu na dare, to ƙarfe biyun nan ita ce safiyarsu.

Tambayar da irin waɗannan suke yawan yi min kusan iri ɗaya ce. Su ce: Malam, tsarin da muke gani a waya ya ce Litinin ƙirji, Talata baya, Laraba ƙafa, haka har Asabar. Mu kuma in muka bi kwana uku sai aikin dare ya shigo ya wargaza komai. Mu daina ne, ko mu dage ko da ba mu yi barci ba?

Ɗan uwa, wannan tsarin an rubuta shi ne domin mutumin da ke kwanciya goma na dare ya tashi da asuba, kullum. Kai ba shi ba ne. Kai abin da za ka duba kafin ka taɓa ƙarfe shi ne awa nawa ka yi barci, sunan ranar kuwa ka bar wa masu kalanda. Bari in kawo dalili daga addini tukuna, domin nan ne da yawanmu muka ɗauki abin a karkace.

Mun taso muna ganin barci kamar wani aibi ne. Wanda ya fi kowa rashin barci shi ne jarumi. Alhali a Suratun Naba'i Allah Ya ambaci barci cikin ni'imominSa, Ya ce hutu Ya sanya mana shi. A Suratur Rum kuma, aya ta 23, Ya lissafa barcinmu na dare da na rana, da neman falalarSa da muke yi, cikin ayoyin ikonSa. Ku lura fa, har da na rana. Asali dai dare shi ne na hutu, rana ta neman abinci, wannan ba gardama. Amma wanda larurar al'umma ta juya masa lamarin, barcinsa na hantsi ba lalaci ba ne. Mai naƙuda ba ta jiran gari ya waye, ɓarawo ma ba ya jira.

Ku dubi ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA) da Bukhari ya kawo. Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu. Salman ya kai ziyara, ya ga matar gidan ba ta cikin kwalliya, ya tambaya, ta gaya masa ɗan uwansa ba shi da buƙatar duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i ya ce yana azumi, Salman ya ƙi ci sai da ya sa shi ya ci. Dare ya yi, Abud Darda'i ya miƙe zai yi nafila, Salman ya ce ya kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake cewa ya kwanta. Sai can ƙarshen dare ya ce to yanzu a tashi, suka yi sallah tare. Sannan ya faɗa masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, ya bai wa kowa nasa. Da labari ya kai wa Annabi (SAW), sai ya gaskata Salman.

Haka Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA), saurayi mai ji da ƙarfi, kullum azumi, kowane dare tsayuwa. Annabi (SAW) ya hana shi, ya nuna masa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi, kuma in ya ci gaba a haka idonsa zai zurma, ransa ya gaji. Ya yi ta roƙon a ƙara masa yana cewa zai iya fiye da haka. Da tsufa ya kama shi, shi da bakinsa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Akwai kuma igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, domin in ta gaji da tsayuwa ta riƙe. Annabi (SAW) ya sa aka kwance, ya ce mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna.

To jama'a, mu yi wa kanmu adalci. Sallar dare ce fa, wadda ita ce mafificiyar sallah bayan farilla, aka ce a sassauta saboda haƙƙin jiki. Ina ga gwangwanin siminti? In aka ce ma mai gyangyaɗi a cikin sallah ya je ya kwanta, kada ya je neman gafara ya ɓuge da zagin kansa, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ruwaito, me za a ce wa mai gyangyaɗi da ya kwanta a benci ya ɗora kilo sittin a saitin maƙogwaronsa?

Masana jiki sun zo sun auna abin da ma'auninsu. Abu na farko da suka tabbatar, tsoka ba a wurin ɗaga ƙarfe take girma ba. A can wahalar da ita kawai kake yi. Gyaran da ƙarin yana zuwa ne daga baya, da abinci da hutu, kuma sinadarin da ke taimaka wa jiki wajen gini ya fi fitowa a lokacin barci mai nauyi. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka sun taƙaita wa wasu samari lafiyayyu barci zuwa awa 5 na kimanin mako guda, sai sinadarin mazantakarsu, wanda ake kira testosteron, ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A 2010 kuma a wannan jami'a an gwada masu rage ƙiba da abinci iri ɗaya na mako biyu, sau ɗaya da awa 8 da rabi a gado, sau ɗaya da awa 5 da rabi. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne, amma a lokacin ƙarancin barcin kitse kaɗan ya tafi, naman jiki ne ya fi zubewa. Ka ga ke nan wanda yake yanke barci domin ya samu lokacin gina ƙwanji, yana zuba ruwa ne a tulu mai huji.

Na biyun ya fi tayar min da hankali. A 1997 wasu masana a Ostareliya suka gano cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna komawa kamar na wanda ya sha giya har matakin da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi. In ya kai awa 24 kuwa, abin ya ninka. Yi lissafi da kanka. Ka tashi da asuba, ka wuni kana hidima, ka karɓi aiki takwas na dare, ka sauka takwas na safe. Ka haura awa 24. Musulmi ne kai, ko warin giya ba ka sani ba, amma kanka yana aiki irin na mashayi. A haka za ka hau babur ka bi titin Zariya zuwa Kano tsakanin tireloli, kuma wai kafin ka isa gida sai ka biya ka ɗaga ƙarfe don kada jadawali ya karye. Haba ɗan uwa.

Kuma ba jikinka kaɗai ke cikin lamarin ba. 'Yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, siffa biyu ta haɗa, ƙarfi da amana. Kai da aka ba ka ɗakin marasa lafiya, ko aka damƙa maka tsaron unguwa, ko sitiyarin mota da rayuka a bayanka, in ka ƙarar da ƙarfinka a ƙarfe da yamma ba tare da barci ba, sannan ka je ka yi gyangyaɗi wajen auna allura, to ka ci amana domin damtse. Albashin wannan dare ma sai an tambaye ka a kansa.

Yanzu ga yadda nake ba da shawara a tsara abin.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye a mako. Biyu fa, ba shida ba. To kai mai aikin karɓa-karɓa, riƙe biyun nan. In mako ya yi kyau ka ƙara na uku. Kuma tunda ba ka san yaushe za ka sake samun dama ba, kada ka raba jiki gunduwa-gunduwa, yau ƙirji gobe ƙafa. Duk ranar da ka shiga, taɓa jiki gaba ɗaya: tsuguno da nauyi ka miƙe, ɗauko nauyi daga ƙasa da bayanka a miƙe, tura ƙasa da hannu biyu kana kife, jawo jikinka sama a jikin ƙarfe ko reshe mai ƙwari, sannan ka ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su. Jarka mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce da 'yan kai, ba sai ka sayi komai ba. Minti talatin zuwa arba'in ya wadatar. Ka bar aƙalla kwana guda cur tsakanin wannan zama da na gaba.

Ranar da aka liƙa jadawalin aiki, ɗauki biro ka fara zana lokutan sallah, sannan inda barci zai shiga, sai abin da ya rage ka nemo wa ƙarfe gurbi biyu. Mafi kyawun gurbi shi ne ranar hutu, ko ranar da kake aikin safe, bayan La'asar. Dama a wannan lokacin ne jikin ɗan Adam ya fi ɗumi da ƙarfi, kamar yadda ya fi sanyi da rauni gab da asuba.

Da ranar ta zo kuma, sai ka sake yi wa kanka hisabi. In ka samu barcin awa bakwai cikin awa ashirin da huɗun da suka wuce, ko da a rarrabe ne, bismillah, ɗaga yadda ka saba. In biyar ne zuwa shida, rage nauyi, rage yawa, yi rabin aikin ka tafi, kuma kada ka gwada wani sabon nauyi da ba ka taɓa ɗagawa ba. In bai kai haka ba, atisayenka na ranar shi ne katifa. Ka ɗaga zaman zuwa gobe, ba abin da ya ɓaci. Ƙarfin da ka gina a wata shida ba ya zubewa don ka huta mako guda. Abin da ke rusa shi shi ne ciwon baya ko kafaɗar da za ta zaunar da kai wata uku. Wanda kuma yake da hawan jini, ko ƙaba, ko ciwon ƙirji, ya ga likita tukuna.

In kana cikin jerin darare kuma kana son ka ɗan motsa, yi bayan ka tashi daga barci, kafin ka tafi aiki, kuma mai sauƙi. Saukowa daga aikin dare kuwa, hanya ɗaya ce, gida. Aikin da Allah Ya fi so, kamar yadda ya tabbata a hadisi, shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Biyu a mako na shekara guda ya fi shida a mako na wata ɗaya sannan a watsar.

'Yan uwanmu masu lodin rake a Makarfi lokacin kakarsa, da masu ɗora kwandunan tumatir a mota da dare domin a kama hanyar Legas, da masu dakon buhu a kasuwa, ku kam kun riga kun ɗaga ƙarfenku, an ma biya ku. A irin wannan lokaci jikinku abinci da barci yake nema. Ku bari sai aiki ya lafa. Abincin ma ba sai na gwangwani mai tsada ba: wake, ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, fura da nono, duk suna gina jiki.

Sai batun sallah, wanda nan ne wasu ke samun damuwa a zuci. Wanda ya sauka takwas na safe ya kwanta tara, Azahar za ta same shi da awa huɗu da wani abu. Ya tashi ya yi sallarsa, ya ci abinci, sannan ya koma ya ƙara kafin La'asar ko bayanta. Na san za a ce ai barcin bayan La'asar yana taɓa hankali. Hadisin da ake yawo da shi a kan haka bai inganta ba, malaman hadisi sun raunana shi. Haka wanda ake cewa barcin safe yana hana arziki. Don haka wanda zai kwana a tsaye domin jama'a, ya kwanta bayan La'asar ba tare da wani ɗar ba, ya dai sa a tashe shi kafin Magariba. Ƙailula kuwa dama al'adar sahabbai ce, Sahlu ɗan Sa'adu (RA) ya ce ranar Juma'a sai bayan sallah suke yin ta.

In kuma ka yi iya ƙoƙarinka, ka saita ƙararrawar waya, ka ce wa na gida su tashe ka, barci ya rinjaye ka har lokaci ya fita, to ka tuna dawowar Annabi (SAW) daga Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira. Sun yi tafiyar dare, suka sauka su ɗan huta, aka ɗora wa Bilal (RA) gadin asuba. Ya yi nafila gwargwadon iko, ya jingina da raƙumarsa yana fuskantar inda alfijir zai keto, ido ya ci ƙarfinsa. Ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Ba a kore shi ba, ba a kira shi munafuki ba. Suka ɗan gusa gaba, aka yi alwala, aka sa shi ya yi iƙama, aka yi sallah. Hukuncin ke nan: in ka farka ka yi ta nan take. Amma wannan uzuri na wanda ya ɗauki mataki ne. Wanda yake iya tashi ƙarfe huɗu daidai domin abokan ɗaga ƙarfe suna jira, amma Azahar da La'asar kullum sai a haɗe da Magariba, ya san ba barci ne matsalarsa ba. Ƙiyamullaili kuwa, ƙarshen Suratul Muzzammil ya sauƙaƙa, inda Allah Ya ambaci marasa lafiya da masu tafiya neman falalarSa da masu yaƙi, Ya ce a karanta abin da ya sawwaƙa. Raka'a biyu a ɗakin gadi da wutiri, Allah Yana gani.

Ba zan wuce ban taɓa maganar ƙwaya ba. Mai shayi da goro da Nescafe da lemukan kuzarin nan na roba, duk sinadari ɗaya ke aiki a cikinsu, kuma bayan awa biyar da sha kusan rabinsa yana nan a jini. In za ka sha, sha a farkon dare. Wanda ya kwankwaɗa ƙarfe biyar na asuba don ya ƙarasa aiki, shi ne zai kwanta tara yana juyi yana zargin zafi. Wannan halal ne da ake neman a iya sha. Tramol kuwa da 'yan uwansa, da ake sha wai don a ji ƙarfin aiki ko a ɗaga abin da ya fi ƙarfin mutum, wannan wata magana ce daban. Gajiyar tana nan, ƙwayar ta toshe maka jin ta ne kawai, ga kamu, ga farfaɗiya, ga gushewar hankali. Duk abin da ke gusar da hankali an san hukuncinsa. Haka allurai da ƙwayoyin kumbura jiki da ake sayarwa a ɓoye ba da izinin likita ba, ku nisance su.

Magana ta ƙarshe da mutanen gida nake. Iyaye, mata, ƙanne, maƙwabta. Wanda ya kwana a asibiti ko a bakin shingen unguwa, in ya dawo ya kwanta, don Allah ku bar shi. Kada a tashe shi goma na safe don an yi baƙo, ko don a aike shi cefane, ko a tsaya a kansa ana cewa ƙato har yanzu yana kwance. Miƙdad (RA) ya ba da labari, a ruwayar Muslim, cewa Annabi (SAW) in ya shigo da dare yakan yi sallama da muryar da mai ido biyu zai ji amma ba za ta tashi mai barci ba. Wannan ladabi bai taƙaita ga dare ba. A rage rediyo, a janye yara daga bakin taga, a rataya masa zane mai duhu a tagar, domin haske shi ne yake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa lokacin tashi ya yi. A watannin Maris da Afrilu, da ɗakin kwano ke zama tanda, a bar masa wurin da ya fi sanyi a gidan. Shi ma ya taimaki kansa ya ajiye waya nesa da matashin kai.

Mazan da matansu ke aikin jinya ko unguwarzoma, ku ne na fi ji. Ta kwana tana karɓar haihuwa, ta dawo ta tarar da wanke-wanke da girki da yara suna jiranta, kai kuma ka ɗauki tawul ka tafi ɗaga ƙarfe. An tambayi Nana A'isha (RA) me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Jarkokin nan biyu da na ce a ɗauka a yi tafiya da su, cika su a rijiya ka kai mata har madafa, ka kwashi yaran ku fita, ta samu awa huɗunta kafin Azahar.

Wallahu a'alam.